Shirun Faruk

Ni dai ban taɓa ganin laifin gem ɗin nan ba, ko gobe aka tambaye ni abin da zan faɗa ke nan. Yaron da in zai ce a ba shi ruwa sai kalmar ta tsaya masa a maƙogwaro, ya yi ta kokawa da ita har jijiyar wuyansa ta miƙe, in ya sami inda ba a buƙatar baki ai sai a ƙyale shi ya sarara. Faruk nake nufi, ɗan yayata Rukayya, kuma ɗanta na fari. In'ina gare shi tun yana ƙarami, mai nauyin nan. Shekararsa sha biyar, dogo siriri, ba ruwansa da kowa.

Gidan haya muke zaune a Kwamba, nan cikin Suleja. Yaya da mijinta Malam Tanimu suna riƙe da ɗaki biyu, ni kuma tun da aurena ya mutu na kama ɗaya a gefensu, ina kitso da lalle a bakin ƙofa. Malam Tanimu direba ne a wani ofis a Abuja, daga sallar asuba yake wucewa tasha, ba ya dawowa sai gari ya yi duhu, saboda haka rabin abin da ke faruwa a gidansa a bakin mutane yake ji. Ɗakin da ke kallon nawa na Stella ne, 'yar ƙabilar Ibo mai sayar da gwanjo a babbar kasuwa, wadda kowa ke kira Mama Ikenna. Shi Ikennan a gidan aka haife shi, yana jin Hausa kamar jakin Kano, kuma tare suka tashi da Faruk.

Shi ya koya wa Faruk gem ɗin. Na harbe-harbe ne a waya, ana haɗuwa mutum huɗu a yi ƙungiya, a kara da wasu huɗun da ba ka taɓa gani ba. Sauran yara suna sa iyafis suna ta yi wa juna ihu, shi Faruk ba ya buɗe makirfo, sai dai ya rubuta. Kuma wallahi yatsun yaron nan ba su san in'ina ba. Shaho ya sa wa kansa suna, ashe a can gwani ne na ƙin ƙarawa. Suna da guruf na 'yan gem, yaran Suleja da Madalla da Maje har da na Zuba, kowa so yake a ce yana ƙungiyar Shaho. Sai in gan shi a kan benci yana danne-danne yana ƙyalƙyala dariya shi kaɗai, in ce, “Kai ɗan nema, kai da wa?” Ya ɗago ya ce, “A-anti Luba, n-na cinye su.” Ni nake saya masa data duk ranar da na yi ciniki.

Abin ya lalace ne ranar wata gasa da suka shirya. Shugabannin guruf suka ce dole kowa ya buɗe makirfo, don kada wani ya ba wani waya ya buga masa. Ikenna ya lallaɓa Faruk, ya ce ba sai ya yi magana ba, ya dai buɗe kawai. To wasa ya yi zafi, Faruk ya hango an zagayo ta bayan wani ɗan ƙungiyarsu, ya manta da kansa ya buɗe baki zai ce “bayanka”. Kalmar ta ƙi fita. Ba-ba-ba-ba, har aka harbe yaron, aka cinye su. Ashe wani ɗan banza yana naɗar wasan tun daga farko.

Ni ban san wainar da ake toyawa ba sai da wata yarinya ta zo kitso. Ina tsaka da yi mata shuku tana latsa waya, sai ta fashe da dariya har kanta ya kufce mini.

Na ce, “Ke, zauna daidai mana.”

Ta ce, “Anti, tsaya ki ga wannan, wallahi sai cikinki ya ƙulle.”

Ta miƙo mini. Hoton Faruk ne cikin kayan makaranta, an dasa masa ƙahon rago a ka, an sa kiɗa, muryarsa tana ta maimaituwa daidai da ganga, ba-ba-ba, ba-ba-ba, can kuma kukan rago ya amsa. Na ɗago na dube ta.

“Kin san wane ne wannan?”

“Oho. Wai wani ne Shaho, yanzu Rago ake ce masa. A guruf ɗin ajinmu aka turo.”

Na zare kibiyata daga kanta na ce, “Tashi.”

“Anti, ai rabi aka yi.”

“Tashi na ce, ki je ragon ya ƙarasa miki.”

Ta fita da rabin kai tana ƙunƙuni, ban ƙara ganinta ba, kuma ban damu ba.

Ashe ni ce ta ƙarshen ji. Abin ya riga ya gama gari. A guruf ɗin gem, da Faruk ya rubuta ko da sallama ce sai a yi masa ruwan sitika mai ƙaho. Ya fita, suka sake sa shi. Ya sake fita, suka buɗe sabo mai suna Garken Rago suka jefa shi ciki. Ya toshe lamba, a zo masa da wata. Waɗanda jiya suke roƙon ya sa su a ƙungiyarsa su ne a gaba, ban san ko haushin cinye su da yake yi ba ne ya daɗe yana cinsu. Daga waya abin ya sauko titi. Zai wuce bakin tasha, sai wani ɗan acaɓa da bai san shi ba bai san uwarsa ba ya yi kukan rago, majalisa ta kwashe da dariya. A makaranta malami ya kira suna, kafin ya amsa aji ya amsa masa da ba-ba-ba.

Na ce wa Ikenna ya nuna mini gidan wanda ya haɗa abin in je in ci mutuncin uwarsa. Ya ce, “Anti, ba wanda ya san shi. Sunan gem kawai gare shi.” Wannan shi ya fi ƙona mini rai. Da a unguwa ne aka zagi ɗanka ka san ƙofar da za ka buga, nan kuwa sai dai ka tsaya kana huci da waya a hannu.

Faruk ya fara rage magana. Da ma ba yawa gare ta ba. Gaisuwa ta koma ɗaga kai, “i” da “a'a” suka koma gyaɗawa da girgizawa. Duk da haka yana zuwa makaranta, yana cin abinci, kuma in na matsa masa yakan turo mini saƙo a waya ko da muna zaune a benci ɗaya. Na ce a raina zai wuce, yara ne, gobe za su sami wani su bi.

To a nan sai na faɗi halin Yaya. Mu 'yan wani ƙauye ne a ƙasar Zazzau, kuma ita ta ɗauko alkunyar ɗan fari kaf yadda ta gani a wurin iyayenmu. Tun da ta haifi Faruk ba ta taɓa kama sunansa ba. Ba ta yi masa magana kai tsaye, ba ta dubansa ido da ido a gaban mutane. Yana zaune ga shi ga ta, za ta ce, “Luba, ki ce wa yaron nan abincinsa na hucewa.” Ko a unguwa da sunan ƙanwarsa ake kiranta, Maman Walida. Na sha yi mata tsiya, in ce, “Yaya, wannan fa Suleja ce, wa yake wannan yanzu?” Sai ta ce, “Ke ai da ma idonki a tsakar ka yake.” Amma ni na san inda naman miya mai tsoka yake tafiya, kuma na san wadda take kasa zama in ya yi lattin dawowa. A ƙauyenmu kowane ɗan fari ya san haka abin yake, domin uwar abokinsa ma haka take yi. Shi kuwa Faruk abin da ya buɗe ido ya gani shi ne Mama Ikenna tana rungume ɗanta a tsakar gida, tana amsa sunansa a matsayin nata.

Wata ranar Asabar da hantsi sai ga Mama Ikenna ta jawo ɗanta da kunne har ƙofata. Yaron yana ta kuka shaɓe-shaɓe. Ta ce, “Luba, ji abin da wannan sakaran ya yi. Faɗa mata da bakinka!”

Ikenna ya ce, “Anti, wallahi taimakonsa na so yi. Na ga abin ya yi yawa, sai na rubuta musu a guruf na ce su ji tsoron Allah su ƙyale shi, ko a gida ba shi da kowa, mamarsa ma ba ta yi masa magana, ko sunansa ba ta kira. Na ɗauka za su ji tausayinsa.”

Na ce, “Innalillahi! Ikenna, ka kashe mu.”

Ya miƙo mini wayarsa na karanta da idona. Wani ya rubuta, “Ai dole, wa zai kira wanda kafin ya amsa an yi sallar isha?” Wani ya ce, “Uwarsa ma ta yi masa bulokin.” Wani kuma ya ce ai ta gane ba mutum ta haifa ba. Kuma a cikinsu akwai 'ya'yan Hausawa da na tabbata sun san al'adar sarai, amma ba wanda ya buɗe baki ya gyara, dariya ta fi musu daɗi. Na ɗaga hannu zan kai wa Ikenna mari, sai na ga yadda yake kuka, na sauke. Yaron nan shi kaɗai ne a cikin ɗaruruwa ya tsaya wa Faruk, da abin da ya fahimta ya yi.

Da yamma ina wanke kayan lalle saƙo ya shigo wayata. Faruk ne, daga cikin ɗakinsu.

“Anti, don in'inata ne Umma ba ta kiran sunana?”

Na yar da kwano na faɗa ɗakin. Yana kwance ya juya wa ƙofa baya. Na zauna na yi masa bayani tun daga kan kakarmu, na ce haka aka yi wa babban yayanmu, haka ake yi wa kowane ɗan fari a garinmu, alkunya ce, kara ce, ba ƙi ba ne. Na rantse masa da Allah. Ya saurare ni har na gama, sannan ya danna waya ya nuna mini. “Na ji. Amma ba ta taɓa jira na gama magana ba. Da na fara take tashi.” Gaskiya ne kuwa, takan tashi. Ni na san kasa jure ganin wahalarsa take yi, amma ta yaya zan sa ya yarda?

Daga ranar ya daina zuwa makaranta. Da labari ya kai kunnen Malam Tanimu, sai ya yanke hukunci irin na wanda ya kwaso gajiyar go-sulo tun daga Zuba. Ya ce waya ce ta jawo komai, ya ƙwace ta ya jefa a aljihu, ya tafi da ita Abuja. Na tare shi washegari na ce, “Baban Walida, da ita fa yake magana.” Ya ce, “Allah ya ba shi baki, ya yi da shi.” Ba mugu ba ne, tsoro ne ya kama shi, na ga hakan a idonsa. Amma ya toshe 'yar ƙofar da ta rage.

Shi ke nan Faruk ya yi ɗif. Ba baki, ba rubutu. Na ba shi wayata ya ture. Ikenna ya zo ya durƙusa a bakin ƙofa yana ba shi haƙuri, ko motsi bai yi ba. Abinci sai ya ga dama ya taɓa. Aka karɓo rubutu ya sha, aka yi tofi, shiru. Na fara jin tsoro na gaske, domin na taɓa jin yaran da irin wannan shirun ya kai su inda ba a dawowa. Duk dabarata ta ƙare, ni da ake cewa bakina ba ya mutuwa.

Na sami Yaya a kicin tana tankaɗe. Ta rame, ita ma ba cin kirki take yi ba. Ta ce, ba tare da ta dube ni ba, “Yaron nan ya ci wani abu kuwa?”

Na ce, “Wane yaro? Yara sun yi yawa a gidan nan.”

“Luba, ba na son iskanci.”

“Ni ma ba na so. Na gaji da zama ɗan aike tsakaninki da abin da kika haifa. Kin san abin da ya tambaye ni?” Na buɗe saƙon na karanta mata, na ƙara da na biyun da ya nuna mini, ban rage ko kalma ba. Na gaya mata abin da 'yan guruf suka rubuta, har da na cewa ba mutum ta haifa ba.

Rariyar ta faɗi daga hannunta, gari ya watse a ƙasa. Ta ce, “Ni? Ni ce zan ƙi shi?” Sai hawaye. “Luba, in ya fara magana ji nake kamar ana yanka ni, shi ya sa nake tashi.”

“To shi bai sani ba. Ni na faɗa masa, bai yarda ba. Daga bakinki yake so ya ji.”

“Da wane bakin? Ni ban taɓa ba. Innarmu har ta koma ga Allah ba ta taɓa ba.”

Na ce, “Inna ba ta yi zamani da guruf ba. Ki zaɓa, ko alkunya ko ɗanki.” Na fita na bar ta, raina a ɓace, ina kuma jin tausayinta kamar in yi ihu.

Washegari bayan azahar, gidan ya yi tsit, yara suna Islamiyya, masu kasuwa suna kasuwa, ina zaune ina tsefe kaina. Sai na ga Yaya ta fito ta yafa mayafi kamar mai zuwa unguwa. Ta taka zuwa ƙofar ɗakin da Faruk yake, ta tsaya. Ta juyo kamar za ta koma, muka haɗa ido, na harare ta. Ta sake juyawa, ta dafa bango, ta buɗe baki.

“Fa...”

Ta tsaya.

“Fa... Fa...”

Wayyo Allah, na ce a raina, wannan ai shi ne abin da 'yan iskan nan suke yi masa! Yana ciki, ba ya ganinta, abin da zai ji kawai ana kwaikwayonsa a ƙofar ɗakinsa, a cikin gidansu. Na miƙe zan hana ta, amma na makara. Aka fizge labule da ƙarfi har ƙusa ta fita. Ga Faruk tsaye, idonsa jajir, ya dunƙule hannu, ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

Sai ya ga ko wace ce.

Yaya ba ta gudu ba, ko da yake na ga ƙafarta tana so. Gumi ya jiƙa mata goshi, jijiyar wuyanta ta miƙe. Ta ɗago ido ta dube shi, abin da ban taɓa gani ba, ta sake gwadawa. “Fa...” Sunan ya ƙi fita, sai hawaye ke zuba.

Ya daɗe yana kallonta. Na ga hannunsa ya saki a hankali. Ya motsa baki, muryar ta fito a dishe saboda daɗewa ba a yi amfani da ita ba.

“U-umma. A-a-a hankali.” Ya tsaya ya yi kokawa da ta gaba, ita kuma ba ta tashi ba, ba ta kau da kai ba. “Ki j-ja numfashi t-tukuna. Z-zai fito.”

Ta ja numfashi kamar yadda ya ce.

“Faruku.”

“N-na'am.”

Na toshe bakina da ɗankwali don kada kukana ya ɓata musu. Na zaci za ta yi masa bayani, ta ce ba ta ƙi shi ba, ta faɗi duk abin da ta gaya mini a kicin. Ina! Baiwar Allah iya kiran ta tanada, ba ta shirya abin da zai biyo baya ba. Ta tsaya tana murza bakin mayafi, shi yana jira. Da ta rasa abin faɗa sai ta sake kiransa, ya sake amsawa.